Masauki mai rahusa a bakin tekun Busua: me ake dubawa kafin a biya kuɗin gado?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Mu biyu ne za mu je gaɓar tekun Ghana ta mota, kowa da jakarsa a baya, kamar mako guda, kuma guzurin ba shi da yawa. An ba mu shawarar Busua, yamma da Takoradi, an ce akwai masaukai masu araha inda ake biyan kuɗin gado ɗaya a ɗakin haɗaka. Masana harkar ku taimaka mana: yaya ake isa, me ake dubawa kafin a biya, kuma me ya fi ba baƙo matsala?

Direban Aflao: Wa alaikumus salam. Mu fara da hanya. Daga Legas zuwa Accra iyaka uku za ku ƙetare: Seme tsakanin Najeriya da Benin, Hillacondji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao tsakanin Togo da Ghana. Kowace iyaka akwai hatimin fita da na shiga, don haka a bar shafuka a fasfo. Ɗan ƙasar ECOWAS ba ya buƙatar biza, kwana 90 yarjejeniyar ta ba shi, amma ku karanta kwanakin da jami'i ya rubuta a kan hatimin kafin ku bar tagarsa, domin da abin da ke rubuce za a yi muku hisabi ranar fita. Abin da ya fi tsayar da mutane shi ne katin rigakafin shawara. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, wanda ya yi ta jiya ya taho yau katinsa bai nuna ba. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ku riƙe 'yan sefa na ruwa da abinci a Benin da Togo.

Daga Accra zuwa Takoradi kilomita 220 ne ko kusa da haka. Ku shiga bas ɗin kamfanin STC ko VIP da sassafe, saboda cunkoson Kasoa kaɗai yana iya cinye muku awa guda ko fiye. Daga Takoradi trotro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa Agona Nkwanta, daga nan tasi ta haɗaka zuwa Busua. Ku faɗi sunan cikakke, Agona Nkwanta. Akwai Agona Swedru a Yankin Tsakiya, wani gari ne daban mai nisa, kuma yaran mota ba sa tsayawa tantancewa.

Baban Khalifa: Ƙari a kan maganar Direba: agogon Ghana yana bayan na Najeriya da awa ɗaya, kuma rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, duhu kuma ba ya jira. Ku tsara ku isa Busua kafin la'asar. Wanda ya iso da dare ba shi da zaɓi, duk gadon da aka nuna masa shi zai karɓa, a farashin da aka ce. Idan dare ya riske ku a Takoradi ku kwana a can, da safe ku ƙarasa. Kuma a Takoradi za ku cire kuɗi ko ku yi canji, kada ku dogara da samun na'urar cire kuɗi a ƙauyen bakin teku.

Maijaka: Ni ra'ayina kada ku biya mako guda ta intanet tun daga gida. Ku kama dare ɗaya kawai, don ku sami inda za ku sauke kaya, sauran kwanakin ku yi ciniki baki da baki bayan kun ga wurin. Dalili biyu ne. Na farko, hoton da ke intanet na ranar da aka buɗe masaukin ne, iskar gishiri kuwa cikin shekara biyu take cinye fanka da makulli da kan shawa. Na biyu, shafukan kama ɗaki suna cire nasu kason daga mai masauki, shi ya sa idan ka ce kwana biyar zan yi, kuɗi a hannu, yakan yi ragi.

Uwar Biyu: Maijaka, wannan shawara ba ta kowane lokaci ba ce, a faɗa musu gaskiya. Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu, da makon Ista, da hutun 6 ga Maris na ranar 'yancin Ghana, gaɓar nan cika take yi, mutanen Accra da Takoradi da baƙin waje duk suna sauka. Wanda ya kama dare ɗaya a irin wannan lokaci, washegari za a ce masa gadon na wani ne. A waɗannan ranaku a kama duk kwanakin, amma a zaɓi irin wanda ake iya sokewa ba tare da asara ba.

Maijaka: Na yarda, Hajiya, a ranakun biki haka ne. Amma daga Mayu zuwa Yuni, lokacin da damina ta fi ƙarfi a kudu maso yammacin Ghana, gadaje a banza suke kwana, mai ciniki shi ke da wuƙa da nama. Sai dai a san abin da aka saya: ruwan sama mai yawa, hanyoyin ƙasa sun lalace, kaya ba sa bushewa.

Ɗan Fagge: Mun gode. To idan mun isa, me za mu duba a ɗakin?

Malam Na Zongo: Ƙanena, wannan ita ce tambayar. Ka ce a nuna maka ɗakin kafin ka ciro kuɗi, ba abin kunya ba ne, kuma masaukin da ya ƙi nuna ɗaki ya riga ya ba ka amsa. Minti 10 sun isa.

Fara da katifa. Ɗaga zanin gado, ka haska fitilar waya a bakin ɗinkin katifar, da kusurwoyin katakon gado, da bayan allon kai. Kana neman ɗigo-ɗigon baƙi kamar na tawada, da ɓawon ƙwaro, da tabon jini. Wannan kuɗin cizo ne. Idan ka gani a gado ɗaya, kada ka ce a canza maka gado a ɗakin, ɗakin gaba ɗaya ya kamu, domin ta jikin katako suke bi. Kafin ka gama dubawa kada ka ɗora jakarka a kan gado, ajiye ta a kan siminti ko ka rataye. Sannan danna katifar da tafin hannu: idan ka ji sanyin danshi ko warin fumfuna, ba ta ga rana ba tun daɗewa, kuma mai asma ba zai yi barci a kanta ba.

Sai gidan sauro. Sauke shi gaba ɗaya, ka ga ko ya kai a cusa shi ƙarƙashin katifa ta kowane gefe. Ramin da yatsa zai shiga ya ishi sauro. Ƙaramin rami ana ɗaure shi da zare ko a liƙe da salatif, amma wanda ya yage a sama inda aka rataye shi ba ya gyaruwa, a canza. A gado mai hawa biyu sau da yawa na ƙasa ne kawai ke da gidan sauro mai kyau, na sama yana taɓo fuska, sauro kuma yana cizo ta jikin raga idan fata ta jingina da ita.

Kunna fanka da kanka, ka ga tana juyawa a kowace lamba. Gwada soket da cajarka. Soket ɗin Ghana irin na Najeriya ne, mai baki uku, ƙarfin wuta volt 230, ba kwa buƙatar wani mahaɗi. Amma ƙirga: ɗaki mai gado takwas da soket biyu rigima ce ke jira. Shiga banɗaki ka buɗe famfo, ka ja ruwan masai. Ka tambaya kai tsaye: ruwan daga ina, rijiyar burtsatse ko tanki, kuma idan an ɗauke wuta famfon da ke tura ruwa sama yana aiki? A wurare da yawa ɗauke wuta na awa shida yana nufin ba ruwa ma. Akwai janareto ko sola? Ƙarfe nawa ake kunnawa, kuma yana ɗaukar fanka ko fitila kaɗai?

Na ƙarshe loka, wato akwatin ajiyar kaya mai kwado. Buɗe ta, ka girgiza marfin, ka duba ko ƙusoshin maratayin kwado a waje suke. Idan a waje suke, kowa da sukudireba zai kwance su ba tare da ya taɓa kwadonka ba.

Baban Khalifa: Malam ya gama magana. Abu ɗaya zan ƙara: a tambaya ko farashin da aka faɗa ya haɗa da haraji. A Ghana akwai harajin VAT da kuma kashi 1 cikin 100 na yawon buɗe ido a kan masaukai masu rajista. Wasu suna haɗawa a farashi, wasu sai ranar tafiya ka gani a takarda. A kuma tsayar da magana da sidi, kuɗin Ghana. Darajar sidi tana motsi sosai: a 2022 dala ta tashi daga wajen sidi 6 zuwa kusan 15, a 2025 kuma sidin ya farfaɗo. Idan an faɗi farashi da dala, ranar biya mai masauki ne zai zaɓi canjin da ya ga dama. Ku karɓi rasit na kowane biya, da kwanan wata da lambar gado.

Injiniya: Ina da ja a kan ɗakin haɗakan ma shi kansa. Ku biyu ne. Ku tambayi kuɗin ɗaki mai zaman kansa mai fanka, wanda banɗakinsa na haɗaka ne. Sau da yawa kuɗin gado biyu a ɗakin haɗaka ya kusa kai kuɗin wannan ɗakin, ratar kaɗan ce. Da wannan ratar kun sayi ƙofa mai makulli, wurin shimfiɗa dadduma, da 'yancin kunna fitila da asuba. Ɗakin haɗaka na mai tafiya shi kaɗai ne. Kuma ba dole sai masaukin da ke kan yashi ba. Gidajen baƙi na cikin gari, tafiyar minti biyar daga ruwa, sun fi araha kuma sun fi shiru.

Maijaka: Injiniya, lissafinka daidai ne ta fuskar kuɗin kwana, amma ka bar abu biyu. Masaukin 'yan jaka yakan sami kicin na haɗaka, gidan baƙi na cikin gari ba kasafai ba. Mutum biyu da ke dafa shayi da taliya da ƙwai da kansu safe da dare suna rage kuɗin abinci sosai, kuma sun san abin da ya shiga tukunyarsu. Sannan a nan ake haɗa kuɗin tasi. Zuwa Cape Three Points, ƙarshen kudancin Ghana inda hasumiyar fitilar jiragen ruwa take, hanyar ba ta da kyau kuma shatar mota tana da tsada ga mutum biyu, amma idan an zama huɗu ta yi sauƙi. A tsakar gidan masaukin haɗaka ake samun sauran biyun.

Injiniya: To a haɗa: ɗaki mai zaman kansa a cikin masaukin 'yan jakan. Yawancinsu suna da iri biyun. Abin da ba zan janye ba shi ne batun hayaniya. Masaukin da ke da mashaya a bakin ruwa, daren Juma'a da Asabar kiɗa har tsakar dare ko fiye. Kafin ka biya ka tsaya a ƙofar ɗakin ka duba ina lasifika take. Ka tambayi mai shara, ba mai karɓar baƙi ba, ƙarfe nawa ake kashe kiɗa.

Uwar Biyu: Tunda an taɓo nan, a yi maganar da ake kauce wa. Ɗakin haɗaka a irin waɗannan wurare yawanci maza da mata ne a haɗe, sai idan an rubuta na mata zalla. Ba kowa ya san haka ba sai ya shiga. Mace ta tambaya tun a waya, ta kuma tambayi banɗakin: na mata daban ne, ƙofarsa tana kulluwa ta ciki, kuma a cikin gini yake ko sai an ratsa tsakar gida da dare? Idan babu na mata zalla, ɗaki mai zaman kansa, ba wani ciniki. Maza ma da yawa ba za su sake a ɗakin da aka gauraya ba, kuma suna da hujja. Ana sayar da giya a kusan duk masaukin bakin ruwa. Wanda ba zai iya kwana a gidan da ake sayar da ita ba, ya nemi gidan baƙi a cikin gari tun farko, kada ya je yana faɗa da mutane a gidansu.

Malam Na Zongo: Gaskiya ne Hajiya. Game da ibada kuma, ga abin da zai taimaka. Alƙibla daga wannan gaɓa tana wajen digiri 64 daga arewa, wato gabas ce mai karkata arewa. Teku tana kudu. Ka sa tekun a hannun damanka, ka ɗan karkata hagu zuwa tudu, ka kusa daidai, sai ka tabbatar da kamfas ɗin waya nesa da ƙarfen gado. Ku tafi da buta, ko ku yanke gorar ruwa, domin banɗakunan takarda kawai ake ajiyewa. Ruwan teku yana tsarki, ana alwala da shi, hadisi ya tabbatar da tsarkin ruwansa da halaccin mushensa. A mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ya daina ƙasaru, don haka mai mako guda a Busua cika salla zai yi tun isowarsa. Ranar Juma'a ku fita da wuri zuwa Agona Nkwanta ko Takoradi, ku tambayi Zongo. A Zongo za ku ji Hausa, za ku sami mahauci Musulmi, da kokon safe da ƙosai.

Mai tashi da asuba ya karɓi gadon ƙasa. Saukowa daga na sama cikin duhu yana girgiza gadon gaba ɗaya, ya tashi na ƙasa. Ka shirya buta da dadduma da fitila tun dare a wuri ɗaya, kada ka zo kana buɗe leda ƙarfe 5, ƙarar leda a ɗakin da ake barci ta fi komai tayar da rigima. Ƙararrawar waya a sa ta a jijjiga, a yi sallar a baranda.

Injiniya: Gadon sama yana da nasa amfanin, ya fi kusa da fanka, kuma ba mai zama maka a kai da yashi a ƙafa. Sai dai idan rufin kwano ne ba sili, na sama gasuwa yake yi har ƙarfe 11 na dare. A duba rufin kafin a zaɓa.

Ɗan Fagge: Batun sata fa? Muna da waya biyu-biyu da fasfo da kuɗi.

Maijaka: Ku taho da kwadonku, ƙarami mai siririn hannu, domin ramin loka ƙanƙane ne, babban kwadon shago ba ya shiga. Mai lambobi ya fi mai ɗan makulli, saboda ɗan makulli a yashi yake ɓata. Kuɗi a raba uku: na kashewar yau a aljihu, babban kaso a loka tare da fasfo, sai na ko-ta-kwana a wani wuri daban cikin jaka. Ku ɗauki hoton fasfo da shafin hatimi da katin shawara, ku tura wa wani a gida. Yawancin abin da ke ɓata a masauki ba fasa loka ake yi ba, waya ce da aka bari tana caji a falo aka tafi wanka. Maganinsa fawa bank: ita za ka bari a soket, wayar tana jikinka. Mai ƙarfin mAh 10,000 zuwa 20,000 ta isa. Kada a yi caji a ƙarƙashin matashi ko kan katifa, batir yana zafi, katifar soso kuma ba ta jira.

A bakin ruwa ku yi karɓa-karɓa, ɗaya ya shiga ɗaya ya zauna da kaya, ko ku fito hannu rabbana. Ɓoye waya a cikin takalmi kowa ya san dabarar.

Direban Aflao: Ku yi rajistar layin Ghana a ofishin kamfanin da fasfo ɗinku, a Accra ko Takoradi, kada ku sayi wanda aka riga aka yi wa rajista da sunan wani a bakin titi. Idan an buɗe muku MoMo, wato asusun kuɗi na waya, a kai, kun huta ɗaukar kuɗi da yawa, domin har mai sayar da kifi yana karɓa. Lambar gaggawa 112 ce. Katin naira kuma a ɗauke shi a matsayin na biyu, ba na farko ba.

Nas Mai Ritaya: 'Ya'yana, duk abin da aka lissafa asarar dukiya ce. Ni ruwan nake so ku ji. Ana lissafa Busua cikin wuraren da suka fi sauƙin iyo a gaɓar Ghana, kuma wannan yabon ne ke sa mutane sakaci. Wanda ya koyi iyo a kogi ko dam bai san wannan ruwa ba. Igiyar ruwa tana turo ruwa tudu, ruwan kuma dole ya koma, sai ya tattaru ya fita ta wata siririyar hanya da gudu. A wasu lokuta gudunsa ya wuce mita 2 a daƙiƙa, babu mai iyon da zai iya gaba da shi. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne wannan hanyar ita ta fi kama da wurin lafiya: ruwan ya fi duhu, ya kwanta, igiya ba ta fashewa a nan alhali tana fashewa dama da hagu. Idan ka lura za ka ga kumfa ko yashi ko ganye suna tafiya ciki maimakon su zo tudu. Nan ne ba a shiga.

Idan ya ɗauke ka, kada ka fuskanci tudu kana kokawa, gajiya ce ke kashewa, ba ruwan ne ke danna mutum ƙasa ba. Ka kwanta rigingine, ka ɗaga hannu ɗaya, ka yi kira. Idan kana da ƙarfi ka yi iyo gefe, a layi ɗaya da gaɓa, har ka fita daga hanyar, sannan igiya ta taimaka maka zuwa tudu. Wanda ke tudu kada ya faɗa ceto hannu sake, ya jefa abin da ke yawo a kan ruwa, jarka ko allon hawan igiya, ya kira masu koyar da hawan igiya ko masunta.

Wanda bai iya iyo ba, iyakarsa gwiwa zuwa cinya, kuma kada ya juya wa teku baya. Ba a shiga da dare. Ba a shiga kusa da bakin rafi inda yake zuba a teku, ko kusa da duwatsu. Teku tana cika sau biyu a rana, kuma lokacin yana matsawa da kimanin minti 50 kowace rana, don haka wurin da ya yi maka daidai jiya da ƙarfe 4 ba lallai ya zama haka yau ba. Kowace safiya a tambayi masu allon hawan igiya ina ne ya dace yau.

Uwar Biyu: Mata kada su shiga da zani ko dogon hijabi ko abaya. Yadin yana shan ruwa ya yi nauyi, ya naɗe ƙafa, igiya ɗaya ta kayar da mutum. Dogon wando mai kama jiki na roba, riga mai dogon hannu da ta sauko cinya, da hular kai mai ɗaurewa, sutura ta samu kuma ƙafa a sake take. Maza ma ba da jallabiya ba.

Nas Mai Ritaya: Haka ne. Sai cizon sauro. Kada ku ce mun saba da zazzaɓi a gida. Man korar sauro mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 a shafa a ƙafa da hannu tun kafin magariba, bayan an yi alwala a sake. Kada a kunna maganin sauro na hayaƙi a ɗakin haɗaka, musamman mai rufin ciyawa. Zazzaɓi ya zo, a yi gwaji kafin a sha magani, akwai asibiti a Dixcove kusa da ku, babban kuma shi ne Effia Nkwanta a Sekondi.

Ruwan famfon masauki na wanka ne. Ku sayi jakar fiya wata, guda 30 ne a ciki, kowanne rabin lita, ku duba lambar rajistar hukumar abinci da magunguna ta Ghana, FDA, a jiki. Mutum ɗaya a wannan zafi da gumi yana buƙatar lita 3, wato guda shida a rana, jaka ɗaya ta kai ku biyu kwana biyu da rabi. Gudawa ta kama, a haɗa lita 1 na ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa. Ƙaramin yanka a ƙafa a wanke da ruwa mai daɗi da sabulu a rufe, a wannan danshin cikin kwana biyu yake ruruwa. Kaya kuma a shanya a igiya, ba a ƙasa ko kan ciyawa ba. Akwai ƙudan da ke yin ƙwai a jikin tufa mai danshi, tsutsar ta shiga fata ta yi kamar maruru. Guga mai zafi tana kashe ƙwan.

Baban Khalifa: Abinci: ku ci inda masunta da direbobi ke ci, ba inda aka rubuta farashi a allo da alli mai launi ba. Kenkey (dokunu) da soyayyen kifi da barkono, banku (tuwon masara mai tsami) da gasasshen kifi, waakye (shinkafa da wake) da safe, red red na wake da soyayyar ayaba, duk suna ƙosarwa da kuɗi kaɗan. Kifi shi ne mafita ga mai kiyaye yanka. A miyar fufu a tambaya wane nama ne, domin ana sa naman daji, wani wurin har alade. A tambaya ko man da aka soya kifin an soya wani abu da shi. Mai son dafawa da kansa ya je Dixcove da safe lokacin da kwale-kwale ke dawowa. Ya duba kifi: ido garau, ƙasan kunne ja, nama idan an danna ya dawo. Ranar Talata masuntan wannan gaɓa ba sa fita teku bisa al'ada, saboda haka a sayi na Talata tun Litinin, ko a ci wake. A kicin na haɗaka a rubuta suna da kwanan wata a jikin leda kafin a sa a firji, kuma ku taho da ƙaramar tukunya da cokali naku idan kuna ƙyanƙyamin na gayya.

Malam Na Zongo: Dixcove da ƙafa ma ana zuwa, bai kai rabin awa ba, kuma can ne Fort Metal Cross yake, ganuwar da Ingilishi suka gina a ƙarshen ƙarni na 17. Ta gabas kuma akwai Butre da kangon Fort Batenstein na mutanen Holan, na 1656, a kan tudu. Duka suna cikin ganuwoyin gaɓar Ghana da UNESCO ta sa a jerinta a 1979, kuma tarihin cinikin bayi yana jikinsu, a shiga da natsuwa. Hanyar Butre ta ƙafa tana ratsa wurin da ba mutane, a tafi da ɗan gari wanda masauki ya sani, da rana, ba da fasfo ko kuɗi mai yawa ba. A nemi izini kafin a ɗauki hoton masunta ko kwale-kwalensu. Wanda kuma ya tare ku a yashi yana tallan wiwi, ku wuce, haramun ce a dokar Ghana, kuma baƙo ba shi da wanda zai tsaya masa.

Ɗan Fagge: Allah Ya saka da alheri. Saura kaya. Jaka wace iri, me za mu bari a gida?

Maijaka: Jaka mai lita 40, nauyinta kada ya wuce kilo 8 zuwa 10. Wadda ta fi haka a trotro sai an ɗaura ta a but ko a sama, a caje ku kuɗin kaya, wannan kuwa a cinya take zama. Riga huɗu marasa nauyi, wando biyu, kaftani ɗaya na Juma'a. Jins a bar shi, kwana biyu yake yi bai bushe ba. Silifas na banɗaki, siririn tawul, zanin gado ɗaya naku ko da an ba ku, fitilar goshi, abin toshe kunne, igiyar shanya mita 3, sabulun wanki, ƙaramar wayar soket mai baki uku, da ledoji masu zif na waya da fasfo, domin iskar gishiri tana shiga ramin caji ta sa shi tsatsa. A lissafin kuɗi ku ware kashi 20 cikin 100 da ba za a taɓa ba, kuma kuɗin motar komawa a cire shi gefe tun ranar farko.

Direban Aflao: Ranar tafiya ku biya bashin abinci da na wanki tun daren, ku karɓi rasit, domin da asuba mai riƙe da littafi bai tashi ba, mai gadi kuma ba zai buɗe muku ƙofa da bashi ba. Ku yi magana da mai tasi tun jiya ya zo ƙarfe 5 da rabi, ku karɓi lambarsa. Kada ku yi niyyar Busua zuwa Legas a yini ɗaya, ku kwana a Accra, washegari ku kama motar safe don ku ƙetare iyakokin uku da sauran rana. Idan kun isa gida kada jakar ta shiga ɗakin kwana: a zazzage ta a tsakar gida, tufafi a ruwan zafi mai digiri 60, jakar kuma a ɗaure ta cikin baƙar leda a bar ta a rana yini guda saboda kuɗin cizo.